Yawon Daji da Kare a Kewayen Dundaye

Dundaye gari ne a ƙaramar hukumar Wamakko, a gefen arewa na birnin Sakkwato, daura da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙasar wurin iri biyu ce: fadamar gulbin Rima mai laka da danshi, sai tudu mai yashi da tsakuwa inda ake noman gero da wake. Fita daji da kare a nan ba baƙon abu ba ne. Tun kaka da kakanni mafarauta ke sakin karnuka bayan an kwashe amfanin gona, su bi zomo da burgu da zabon daji. Abin da ya shigo daga baya shi ne fita don motsa jiki kawai, wadda aka fi gani wurin ma'aikata da ɗalibai.

A Amurka da Ingila doka ce ke tsara wannan yawo. Gandayen dajin gwamnatin Amurka ba su yarda igiyar kare ta wuce ƙafa 6 ba, wasu hanyoyin ma an hana kare takawa ɗungum. A Ingila, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, dole a riƙe kare da gajeriyar igiya a filayen da aka buɗe wa jama'a, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. A Dundaye babu allon da zai ce nan an yarda, can an hana. Lokacin shekara, da irin ƙasar, da gonar ko garken da hanya ta ratsa su ne ke yanke hukunci.

Lokaci shi ne babba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, gonakin tudu sun zama fili, iska da sanyi, kare kan yi tafiya mai nisa bai galabaita ba. Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake fitar da zafi, kuma idan iskar da yake shaƙa ita ma ta yi zafi, hakin ba ya wadatarwa. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 ne zuwa 39, in ya kai 41 rai na cikin haɗari. Alamun su ne dalala mai kauri, da harshe ya yi jawur, da tangaɗi. Sai a kai shi inuwa, a jiƙa masa ciki da hammata da tafin ƙafa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Yashin ma da kansa yana ƙona tafin: wanda ya ɗora bayan hannunsa a ƙasa ya kasa jurewa, karensa ma ba zai jure ba. Shi ya sa a bazara ake fita bayan asuba a dawo kafin hantsi. Karen gida, mai siririn jiki da gajeren gashi, ya fi karnukan Turai masu gashi cunkus jure wannan yanayi nesa ba kusa ba, ko da yake masu kuɗi na Turan suka fi so.

Da damina fadama ba wurin yawo ba ce. Ruwa kan malale hanyoyi, kuma ambaliyar 2010 har hanyar jami'a ta yanke. Tudu kuma duk shuka ne.

Sai maganar ƙasa. Hanyar ƙafa wadda ta bi gefen gonaki ta fi kutsawa cikin ciyawa, inda ƙarangiya ke cusuwa tsakanin yatsun kare, tsidau kuma ya huda tafi. Cikin busasshiyar ciyawa da gindin duwatsu ne kububuwa ke laɓewa, kare kuma da hanci yake bincike, saboda haka sara ya fi samunsa a fuska. Burtali yana da daɗin tafiya don faɗinsa, amma hanyar shanu ce: akwai kaska, akwai kuma karnukan makiyaya da ba su san wasa ba. Ruwan kwatamin lambu, inda ake feshin albasa da tumatir, bai dace kare ya sha ba. Gara a ɗauko masa nasa a gora. Da an dawo gida a duba kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu, a cire kaska da kanta duka.

Abin da ya fi jawo rigima dai ba maciji ba ne, mutane ne. Karen da ya tattake fangalin albasa ko ya kori akuya ya jawo wa maigidansa biyan ɓarna, wani lokaci har gaban mai unguwa. A bakin gari, da kusa da masallaci da makarantar allo da rijiya, igiya ta zama tilas, a kuma kauce wa mai alwala da mata masu tallar abinci. Malaman Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa, ba su ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, sun kuma halatta ajiye shi don farauta da tsaron gona da dabbobi, amma sun ce a wanke ƙwaryar da ya lasa sau 7. Jama'a dai ƙyamarsa suke yi fiye da yadda littattafan fiƙihu suka faɗa, kuma mai kare ne ya kamata ya ba da hanya. Nisa ma yana da iyaka: tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi wasu sassan jihar Sakkwato, mai hankali yakan tsaya inda ake jin kiran salla, ya fita da abokin tafiya.

Kafin duk wannan akwai allurar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar yana wata 3, a riƙa sabuntawa kamar yadda likita ya tsara. Asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar yana cikin birnin Sakkwato, Cibiyar Binciken Dabbobi ta Vom kuma tana sarrafa allurar a cikin ƙasa. In cizo ya auku a hanya, a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana ba a cika tashi ba.