Rangwamen Haraji Ba Zai Kai Ɗan Kambo Jami'a Ba

Gwamnatin da ke son rage wa iyaye nauyin karatun 'ya'yansu hanyoyi biyu ne a gabanta. Ko ta ce wa uba ya biya kuɗin makaranta ya ajiye rasit, in shekara ta ƙare ta rage masa wani abu daga harajin da take binsa, ko kuwa ta karɓi harajinta cif sannan ta ware kaso ta ba ɗalibin a hannu. Amurka ta yi nisa a hanya ta farko. Tun 2009 iyali na iya samun rangwamen da ya kai dala 2,500 a shekara kan kowane ɗalibi a shekaru huɗun farko na jami'a. Sai dai in iyalin talakawa ne da gwamnati ba ta bin su harajin komai, abin da za a mayar musu a hannu ba ya wuce dala 1,000. Tallafin karatu ma can an raba shi biyu tun gyaran dokar haraji na 1986: abin da ya tafi kuɗin makaranta da littattafai ba a taɓa shi, abin da ya tafi ci da ɗakin kwana kuwa ana lissafa shi cikin kuɗin shigar ɗalibi. Ko a ƙasar da kusan kowane magidanci yake da fayil a ofishin haraji ke nan, mai ƙarfi ya fi marar ƙarfi cin moriyar rangwamen.

Sudan na fuskantar aikin sake tayar da makarantunta bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, wanda a watan Oktoban shekarar hukumar UNICEF ta ce ya raba yara kusan miliyan 19 da aji. A irin wannan lokaci rangwamen haraji yana da daɗin faɗa a bakin mahukunta, domin ba ya buƙatar a fitar da ko jine ɗaya daga baitulmali yau. Amma a duba wa zai amfana a ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu. Waɗannan jikokin mahajjata ne da masu hijira, ciki har da jama'ar da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, aikin noman auduga na Jazira ya tsaya da ƙafarsa bisa ƙwadagon irin waɗannan mutane. Da yawansu ba su sami hawasha ba, wato gonar da hukumar aikin ke yanka wa manomi da sunansa, sai suka zauna a kanabi (tilonsa kambo), sansanonin 'yan ƙwadago da ke bakin magudanan ruwa, suna tsinkar auduga, suna noman dawa da gyaɗa a raba da mai gona. A kudu, wajen Rusairis da Damazin, su ne masunta da masu lambun bakin kogi. Mutum irin wannan ba shi da albashin da ake cire wa haraji a ƙarshen wata, don haka ba shi da abin da za a rage masa. Wanda zai ci gajiyar rangwamen shi ne ma'aikacin banki a Madani da ɗan kasuwa mai rajista a Khartum, waɗanda 'ya'yansu dama ba za su rasa makaranta ba.

Wani zai ce ai adalci ne, wanda bai biya haraji ba ba shi da bakin neman rangwame. Wannan magana ta ginu a kan kuskure, domin ɗan kambo yana biya, rasit ne kawai ba ya fita da sunansa. Tun shekarar 2000 Sudan ke ɗora haraji a kan kayan saye, ya fara daga kashi 10 cikin ɗari ya hau har 17, kuma yana ɓoye cikin farashin sabulu da batir da takalmin yaro. A bi buhun gyaɗa ɗaya daga masussuka zuwa kasuwa. Kafin ya bar gona an fitar da rabon mai hawasha. A hanya akwai shingen ƙaramar hukuma, a bakin kasuwa akwai kuɗin shiga da na awo, kuma ma'aikacin Hukumar Zakka na nan da littafinsa, domin a Sudan zakka ba a bar ta ga ganin damar mai dukiya ba, gwamnati ce ke karɓa bisa doka tun 1984, dokar 2001 kuma ta ƙara tabbatar da hakan. Amfanin gona da ya kai nisabi, kimanin kilo 653, ana fitar masa da kashi 10 cikin ɗari in ruwan sama ya shayar da shi, kashi 5 in da wahala da kuɗi aka yi ban ruwa. Ko da ɗan kasuwa ne ya miƙa wasu daga cikin kuɗaɗen nan, a farashin da ya ba manomi yake fanshewa.

Abin da ke komawa ƙauyen kuwa kaɗan ne. Kundin tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya ce karatun matakin farko kyauta ne kuma wajibi, amma an jingina ɗawainiyarsa ga jihohi da ƙananan hukumomi masu ƙaramin aljihu, su kuma suka jingina ta ga kwamitocin iyaye. Iyaye ne ke tara kuɗin alli da na gyaran aji, wani wuri har da ihsanin malamin sa-kai. Kambon da hukuma ba ta amince da shi a matsayin ƙauye ba sau da yawa ba a gina masa makaranta sam, sai halwar allo, sai yaro ya taka zuwa ƙauyen masu hawasha. Daga nan tsadar take ƙaruwa da nisan tafiya. Sakandare tana gari, jami'a tana Madani ko Sinnar ko Damazin, kuma abin da ke karya uba shi ne haya da abinci da kuɗin mota, da kuma rashin hannun saurayi ɗaya a gona lokacin girbi. A da Jami'ar Khartum na ciyar da ɗalibanta tana kwantar da su kyauta, ta haka 'ya'yan talakawan karkara da dama suka zama likitoci da alƙalai. Sauyin da gwamnatin Umar al-Bashir ta kawo a 1990 ya yawaita jami'o'i, abin da yake alheri ne, amma ya janye wannan ciyarwa, aka miƙa lamarin ga asusun kula da ɗalibai na ƙasa, wanda ɗakunansa da tallafinsa ba su taɓa isar yawan masu buƙata ba.

Saboda haka abin da ya dace da waɗannan ƙauyuka shi ne tallafi kai tsaye, wanda ya haɗa da ci da kwana da kuɗin mota, ba a cire masa haraji ko wani kuɗin hatimi, kuma yana da sananniyar hanyar samun kuɗi da doka ta ɗaure. Hanya mafi kusa ita ce zakkar amfanin gona da ake karɓa a yankin. Hukumar Zakka dama tana ɗaukar nauyin wasu ɗaliban jami'a, don haka ba sabon abu ake nema ba, ana neman a ƙayyade kaso ne, a kuma bar shi inda aka tara shi. Mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa da galibin mutanen Sudan ke bi, ta tafi a kan cewa ana raba zakka a wurin da ta wajaba, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai in can an fi buƙata. Ɗaure wani haraji ga ilimi ma ba baƙon abu ba ne a ƙasashenmu. Najeriya ta fara ɗora kashi 2 cikin ɗari a kan ribar kamfanoni a 1993, kuɗin da daga 2011 asusun TETFund ke rabawa, kuma duk ƙorafin da ake yi kansa, gine-ginensa na tsaye a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato kowa na gani.

Akwai mai cewa me zai hana a yafe wa 'ya'yan kanabi kuɗin rajista kawai a huta. Sudan ta riga ta gwada wannan, kuma ta ga sakamakonsa a Jazira kanta. Yarjejeniyoyin sulhun Darfur na Abuja a 2006 da na Doha a 2011 sun tanadi yafe wa ɗaliban Darfur kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati, amma aka bar jami'o'in da ɗaliban suna jayayya kan wa ya cancanta da wa zai cike giɓin. A Disamban 2012, bayan zaman dirshan kan wannan batu a Jami'ar Jazira, aka tsinci gawar ɗalibai huɗu 'yan Darfur a magudanar ruwa kusa da harabar. Yafiyar da ba a ajiye kuɗinta ba tana mayar da ɗalibi mai bara a ƙofar magatakarda. Tallafin da ke biyo ɗalibi da kuɗinsa kuwa yana sa jami'a ta yi maraba da shi.

Hujja mafi nauyi da masu suka za su kawo ita ce ta yunwa. A yaƙin nan dakarun RSF sun riƙe Madani daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025, sun riƙe Sinja watanni a 2024, an wawashe gonaki da rumbuna, kuma tun kafin wannan rikicin Shuɗin Nilu na Yuli da Oktoban 2022 ya kashe ɗaruruwa ya kori dubban Hausawa daga gidajensu. Ba mai hankalin da zai ce a hana mayunwaci hatsi a saya wa ɗalibi littafi. Amma kaso ake magana, kuma ɗalibin nan shi ma fakiri ne ɗan fakiri, yana cikin waɗanda Suratu Tauba ta lissafa tun kafin a ambaci karatunsa. Yaran da suka gama sakandare a 2023 sai a ƙarshen Disamban 2024 aka fara yi musu jarrabawar kammalawa, wasu ma ba su samu zama ba. Wanda ya ci ya rasa kuɗin tafiya ba zai jira tattalin arziki ya farfaɗo ba, zai koma gona ko ramin zinariya, ita kuma yarinyar a yi mata aure. Ƙauyen da bai fitar da nas da malamin lissafi da lauya a wannan zango ba zai sake shekara ashirin yana jiran na waje.

Saura tsoron kada a ce an fifita wata ƙabila. Bai kamata a rubuta sunan Hausawa a dokar ba. Ma'aunin ya zama talauci da nisan gida daga makaranta, ta yadda ɗan Berta da ɗan Hamaj da ɗan Tama da ɗan Balaraben da ba shi da gona duk za su shiga. Abin da za a yi hattara da shi shi ne takardu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na zaune a Sudan tun 1897, shekara shida kafin Burmi. An sassauta sharaɗin daga baya, dokar 1994 ta mayar da shi 1956, amma har yanzu Bahaushe kan sha tambayoyin da ba a yi wa maƙwabcinsa kafin ya sami lambar ɗan ƙasa, kuma gidaje da yawa takardunsu sun ƙone a gudun hijira. In aka ce sai mai cikakkiyar takarda zai karɓi tallafi, an sake rufe ƙofar a fuskar waɗanda aka buɗe ta dominsu. Shaidar shugaban makaranta da ta limami da dagaci ta wadatar a fara biya, takarda ta biyo baya. Game da satar kuɗin kuwa, a liƙa sunayen waɗanda aka ba da adadin da aka ba su a bangon makaranta da ƙofar masallaci kowane zango, kusa da jimillar zakkar da aka karɓa a yankin.

Sarakunan Hausawa da malamai da ƙungiyoyin ɗalibai daga Mai Wurno har Rusairis su kai wannan buƙata ofisoshin Hukumar Zakka na jihohin Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu a rubuce, kafin girbi mai zuwa. Su nemi a faɗa musu nawa aka karɓa a ƙauyukansu bara, da nawa ya koma ga ɗalibansu.