Moonta: Jan Ƙarfe Ya Ƙare, Tarihi Ya Rage

A jihar Ostireliya ta Kudu, a yankin Yorke da ya kutsa cikin teku, akwai garuruwa uku da jan ƙarfe ya kafa: Moonta da Kadina da Wallaroo. Makiyayan tumaki ne suka fara cin karo da wannan arziki, a 1859 kusa da Kadina, sannan a 1861 Patrick Ryan ya tsinci dutsen a Moonta. To amma kiwo daban, shiga cikin ƙasa daban. Sai aka nemi mutanen Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila, waɗanda suka gaji haƙar kuza da jan ƙarfe tun kaka da kakanni, kuma a lokacin ramukan garinsu sun fara mutuwa. Suka zo da injinan tururi masu zuƙe ruwa daga rami, da ɗarikarsu ta Methodist, da tsarinsu na biyan mahaƙi gwargwadon darajar dutsen da ya fito da shi. Shi ya sa har gobe ake yi wa Moonta laƙabi da Ƙaramar Cornwall.

An kwashi dukiya ba kaɗan ba. Kamfanin Moonta ne kamfanin haƙa na farko a Ostireliya da ya raba wa masu hannun jari ribar da ta kai fam miliyan ɗaya. Walter Watson Hughes, wanda aka samu ma'adinin a filin kiwonsa, ya ba da fam 20,000 a 1872 don kafa Jami'ar Adelaide. Bayan Yaƙin Duniya na Farko farashi ya faɗi, aka rufe ramukan a 1923, jama'a suka watse. Abin da ya rage shi ne ginin injin Hughes na 1865, da babban cocin mahaƙa, da makarantar da ta koma gidan tarihi, da tsaunukan ɓaraguzai. Waɗannan ne shaidar yadda ƙwarewar talakawa baƙi ta ciyar da jiha guda gaba, don haka adana su wajibi ne.

Wasu na cewa duk wannan neman kuɗin 'yan yawon buɗe ido ne kawai. Hujjarsu ita ce bikin Kernewek Lowender, da ake yi duk bayan shekara biyu da raye-raye da cin fasti, wato burodin nan mai nama da dankali a ciki, sai a 1973 aka fara shi, shekara 50 bayan rufe ramuka. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin raye-raye da cin fasti ba sa nuna kaburburan yaran da taifod da ƙyanda da mashaƙo suka kwashe a zamanin ƙarancin ruwa mai tsabta, ba sa kuma ba da labarin 'yan ƙabilar Narungga, masu ƙasar na asali, da aka tattara a Point Pearce tun daga 1868. Sai dai maganin wannan shi ne a faɗaɗa labarin. Da an bar gine-ginen sun rushe, da an rasa wurin da za a tsaya a faɗi mai daɗin da marar daɗin.

A 2006 UNESCO ta sanya wuraren haƙar Cornwall da yammacin Devon cikin kayan tarihin duniya, a 2017 kuma Ostireliya ta sanya Moonta da Burra, wani tsohon garin haƙar jan ƙarfe, cikin nata na ƙasa. Matakin ya dace, muddin za a tuna da mahaƙa da 'ya'yansu da Narungga kamar yadda ake tunawa da masu kamfani.