Dalilan da suka sa Tarayyar Turai ta haramta sinadarin BPA a mazuban abinci

A watan Disamban 2024 ne hukumar zartarwa ta Ƙungiyar Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta haramta amfani da sinadarin Bisfenol A, wanda aka fi sani da BPA, wajen ƙera duk wani abin da ke taɓa abinci ko abin sha.

Dokar ta fara aiki ne ran 20 ga watan Janairun 2025, inda aka ba kamfanoni wa'adin watanni 18 su sauya akasarin kayayyakinsu, wasu kuma aka ba su watanni 36. An keɓe wasu 'yan wurare da ba a samu madadin sinadarin ba tukuna.

Wannan mataki dai ya biyo bayan taƙaddamar sama da shekaru ashirin tsakanin masana kimiyya da hukumomi da kuma masana'antu, a kan irin illar da sinadarin ke yi wa homon na jikin ɗan Adam.

Mene ne homon?

Homon wasu sinadarai ne da jiki ke sarrafawa da kansa, suna bin jini suna kai saƙo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Su ne ke tsara girman yaro da lokacin balaga da haihuwa, da yadda jiki ke sarrafa sukari, har ma da yadda ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke ginuwa a cikin mahaifa.

Jiki na aiki da su ne a ɗan adadi ƙalilan matuƙa. Saboda haka idan wani baƙon sinadari mai kama da su ya shiga jini, yana iya zama a gurbin homon na gaskiya ya isar da saƙon ƙarya, ko ya toshe hanya ya hana saƙon gaskiya isa inda aka aike shi.

Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a shekarar 2013 ya ce akwai sinadarai kusan 800 da aka sani ko ake zargin suna iya yin irin wannan katsalandan, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka yi wa cikakken gwaji.

Asalin BPA

Wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Rasha mai suna Aleksandr Dianin ne ya fara haɗa BPA a shekarar 1891. A cikin shekarun 1930 kuma masanin Birtaniya Charles Dodds ya gano cewa sinadarin na kwaikwayon istirojin, wato homon ɗin da ke tsara al'amuran haihuwa a jikin mace.

Ba a mai da shi magani ba, domin a shekarar 1938 Dodds da abokan aikinsa sun samar da wani sinadarin da ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, mai suna DES. An yi ta bai wa mata masu juna biyu DES da zummar hana ɓarin ciki, har zuwa 1971 lokacin da likitoci a birnin Boston na Amurka suka danganta shi da wata irin cutar sankara ta al'aura da ba a saba gani ba, wadda ta bayyana a jikin 'yan matan da iyayensu suka sha maganin suna ɗauke da cikinsu.

Darasin da masana suka koya daga wannan lamari shi ne, sinadari na iya ƙyale uwa lafiya lau, amma illarsa ta fito a jikin ɗanta bayan shekaru goma sha biyar ko ashirin.

Shi kuwa BPA masana'antu ne suka karɓe shi tun daga shekarun 1950. Da shi ake yin wata roba mai tauri da ake ganin abin da ke cikinta, irin wadda aka riƙa yin bulumbotin jarirai da manyan gorunan ruwa na ofisoshi da ita. Ana kuma sa shi a cikin shafen da ake yi wa cikin gwangwanin abinci don hana tsatsa, da kuma takardar rasit da injinan kantuna ke fitarwa.

Matsalar ita ce ɗan kaɗan daga cikinsa na tsiyaya ya shiga abinci, musamman idan mazubin ya ji zafi ko ya tsufa.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1998 wata masaniya mai suna Patricia Hunt tana nazarin ƙwan haihuwar ɓeraye a jihar Ohio ta Amurka, sai ta ga matsaloli sun yawaita kwatsam a ƙwayayen ɓerayen da ba a ba su komai ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar an wanke kejinansu na roba da wani sabulu mai ƙarfi, wanda ya cinye robar ya saki BPA. An wallafa sakamakon a shekarar 2003.

Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gudanar a 2003 da 2004 ya samu burbushin sinadarin a fitsarin kashi 93 cikin ɗari na mutane sama da 2,500 da aka gwada. A Turai ma, Hukumar Kula da Muhalli ta nahiyar ta bayyana a 2023 cewa an same shi a jikin kashi 92 cikin ɗari na manyan da aka gwada a ƙasashe 11.

Jiki kan fitar da BPA cikin kimanin kwana guda. Ke nan samunsa a jikin kusan kowa na nufin mutane na ci gaba da haɗiyarsa a kowace rana.

Ina gizo ke saƙa?

Tsohuwar ƙa'idar da hukumomi ke bi ita ce yawan abu ne ke mai da shi guba. Akan bai wa dabbobi sinadari mai yawa, a yi ta ragewa har a kai matakin da ba a ga illa ba, sa'annan a ƙayyade wa mutane adadin da ya yi ƙasa da wannan sosai.

Masana homon da dama na cewa wannan ma'auni bai wadatar ba. A cewarsu, lokacin da sinadarin ya shiga jiki na da muhimmanci kamar yawansa, domin abin da ba zai girgiza babban mutum ba yana iya karkatar da ginuwar ɗan tayi. Suna kuma nuni da cewa mutum na haɗuwa da sinadarai iri-iri a lokaci guda, alhali ɗaya bayan ɗaya ake gwada su.

A ɗaya hannun kuma, masana'antu da wasu masanan na cewa akasarin hujjojin daga ɓeraye aka samo su, kuma binciken da aka yi kan mutane, wanda ke danganta sinadarin da ƙiba ko ciwon sukari ko matsalar haihuwa, alaƙa kawai yake nunawa, bai tabbatar da cewa shi ne sanadi ba.

Ana iya ganin girman wannan saɓani a alƙaluman hukumar kula da ingancin abinci ta Turai, EFSA, mai mazauni a birnin Parma na Italiya. A shekarar 2006 ta ce mutum na iya ɗaukar maikirogiram 50 a kullum a kan kowane kilo na nauyin jikinsa ba tare da illa ba. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. A 2015 ta rage adadin zuwa maikirogiram 4.

A watan Afrilun 2023 kuma ta sake rage shi har sau 20,000, zuwa nanogiram 0.2, bayan da ta dogara da binciken da ya nuna sinadarin na shafar garkuwar jikin ɓeraye. Nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Hukumar ta ce abin da jama'a ke ci ya zarce wannan sabon ma'auni.

Sai dai cibiyar tantance haɗurra ta gwamnatin Jamus da hukumar kula da magunguna ta Turai ba su amince da hanyar da aka bi wajen wannan lissafi ba. Cibiyar ta Jamus ta ba da shawarar nanogiram 200, wato ninki dubu na abin da EFSA ta ƙayyade.

Tafiyar hawainiya

Kanada ce ta fara sanar da aniyar haramta bulumbotin da ke ɗauke da BPA a 2008, kuma a 2010 ta sa sinadarin a jerin abubuwa masu guba. Tarayyar Turai ta hana shi a bulumboti a 2011, Faransa ta haramta shi a dukkan mazuban abinci daga farkon 2015, sa'annan aka taƙaita shi a takardar rasit a faɗin Tarayyar daga 2020.

Amurka ta janye izinin amfani da shi a bulumboti a 2012, amma bisa hujjar cewa kamfanoni sun riga sun daina. A 2014 da kuma 2018 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta nanata cewa adadin da ake samu a abinci ba shi da haɗari.

Ko a Turai ɗin ma an sha jan ƙafa. Doka ta wajabta wa hukumar zartarwa ta fitar da ƙa'idojin gane irin waɗannan sinadarai kafin ƙarshen 2013, amma ba ta yi ba, har sai da Suwidin ta maka ta a kotu. A watan Disamban 2015 kotun Tarayyar ta yanke hukuncin cewa hukumar ta saɓa wa doka, kuma sai a 2018 ƙa'idojin suka fara aiki a kan magungunan ƙwari.

An gudu ba a tsira ba?

Bayan da masu saye suka fara ƙyamar BPA, kamfanoni da yawa sun maye gurbinsa da 'yan uwansa kamar BPS da BPF, suka kuma rubuta a jikin kayansu cewa babu BPA a ciki. Daga baya gwaje-gwaje suka nuna cewa su ma waɗannan suna kwaikwayon istirojin. Wannan ne ya sa sabuwar dokar ta haɗa da sauran dangin sinadarin da aka tabbatar suna da haɗari.

Dokar ta shafi kayan da ake shigarwa Turai daga ƙetare, ciki har da na kamfanonin Afirka masu sayar da abincin gwangwani a can, amma ba ta da hurumi a kan abin da ake sayarwa a kasuwannin wasu nahiyoyi.

Ba kowace roba ce ake yi da BPA ba. Ledar ruwan sha da ƙananan gorunan lemo, alal misali, da wasu nau'o'in roba na dabam ake yin su. Hukumomin lafiya na shawartar masu son rage haɗuwa da sinadarin da su guji zuba abinci mai zafi a cikin roba mai tauri, su watsar da wadda ta tsage ko ta kankare, su kuma rage cin abincin gwangwani, musamman mata masu juna biyu da ƙananan yara.