Wasa tara, nasara tara, amma aka hana su zuwa biki: labarin ƴan San Faransisko na 1951

Duk wanda ya zauna Amurka ya san cewa in an ce ƙwallon ƙafa a can, ba tamaular da muke bugawa a unguwa ake nufi ba. Tasu ƙwallon mai siffar ƙwai ce, da hannu ake rungumar ta a ruga, mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare, kowa da hular kwano, ana ture-ture kamar raguna. Ƙungiyoyin jami'o'i kuma ba abin wasa ba ne a wajensu, don filin wata jami'ar kan ɗauki mutum dubu ɗari. Daga cikin kakannin wasan da har yau ake tunawa da su akwai ta 1951, ta wata ƙaramar jami'ar Katolika da ke birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya, wadda ake yi wa ƙungiyarta laƙabi da Dons.

Ƙarƙashin mai horarwa Joe Kuharich, yaran sun buga wasa tara a wannan shekara, suka cinye tara. Sun buɗe kaka da lallasa San Jose State da maki 39 da 2. Sun ƙetara ƙasar tun daga gaɓar yamma har birnin New York suka doke Fordham 32 da 26, suka dawo suka ragargaji College of the Pacific 47 da 14, sannan suka rufe da Loyola ta Los Angeles, 20 da 2. Ƴan jarida suka sa su a matsayi na 14 a faɗin ƙasar.

Tauraronsu shi ne Ollie Matson, baƙar fata, ɗan asalin Texas da ya yi sakandare a San Faransisko. A wannan kaka ya ruga yadi 1,566 da ƙwallo a hannu, wato sama da mita 1,400, ya tsallaka layin ƙarshe sau 21, ba wanda ya kamo shi a duk jami'o'in Amurka. Duk da haka, da aka zo zaɓen gwarzon shekara, kyautar Heisman, na tara ya zo. Ɗayan baƙar fatar shi ne Burl Toler, ɗan Memphis, mai tsaron baya, wanda abokan wasansa da yawa suka riƙa cewa ya fi kowa a cikinsu. Akwai kuma Gino Marchetti, ɗan baƙin haure daga Italiya da ya yi yaƙin duniya na biyu kafin ya shiga jami'a, da wani dogo, Bob St. Clair.

A tsarin Amurka, ladar kaka irin wannan ita ce gayyata zuwa ɗaya daga cikin manyan wasannin sabuwar shekara. Nan ne suna yake, nan ne kuɗi suke. Sai dai galibin waɗannan wasanni a jihohin kudu ake yin su, Filorida da Luwiziyana da Texas, inda a lokacin doka ce ta raba fari da baƙi a makaranta, a otel, a motar haya, har a wurin shan ruwa. A watan Oktoban wannan shekarar ma, a wani filin wasa na Oklahoma, wani ɗan wasa fari ya karya muƙamuƙin Johnny Bright, baƙar fata na jami'ar Drake, da gangan, masu ɗaukar hoto suka kama abin ƙarara.

Abin da ƴan wasan San Faransisko suka ba da labari har tsufansu shi ne, an aiko musu da saƙo cewa wasan Orange Bowl na Miyami zai iya karɓar su, da sharaɗin su bar Matson da Toler a gida. Mai horarwa ya sanar da su, su kuma ba su ɓata lokaci ba, suka ce ko dai a tafi gaba ɗaya ko kowa ya zauna. Masu shirya wasan sun ba da wata hujja dabam: wai abokan karawar Dons ba su da ƙarfi. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, domin biyu daga cikin wasanninsu da ƙungiyoyin sansanin soja suka buga, manyan jami'o'in yankin kuma ba su cikin jadawalinsu. Amma wanda ya dubi inda waɗannan yara suka kai daga baya, da wuya ya yarda rashin ƙarfi ne ya tsayar da su. Ranar 1 ga Janairun 1952 Georgia Tech da Baylor ne suka buga wasan na Miyami.

Ƙin tafiyar ya zo da tsada. Jami'ar dama tana tafka asarar dubun-dubatar dalolin Amurka a kan wasan kowace shekara, ga ƙwararrun ƙungiyar 49ers suna janye ƴan kallo a filin Kezar da suke amfani da shi tare. Kuɗin gayyatar su ne za su toshe ramin. Da ba su samu ba, kafin shekarar ta fita hukumar jami'ar ta rusa ƙungiyar. Wato kakar da ta fi kowace kyau a tarihinsu ita ce ta ƙarshe a wannan mataki. St. Clair, da yake da sauran shekara guda, sai da ya koma jami'ar Tulsa ya ƙarasa.

Matson kuwa bai zauna ba. A 1952 ya je wasannin Olamfik na Helsinki, ya dawo da tagulla a tseren mita 400 da azurfa a tseren ba-ni-in-ba-ka na mutum huɗu. Daga nan ya shiga gasar ƙwararru ta NFL. Shi da Marchetti an saka su a Zauren Gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio a 1972, St. Clair ya bi su a 1990. Mutum uku daga ƙungiyar jami'a guda, ta kaka guda.

Labarin Toler ya fi taɓa zuciya. Cleveland Browns sun riga sun zaɓe shi, sai ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan taurarin jami'o'i na 1952, bai taɓa buga ko wasa ɗaya na ƙwararru ba. Ya koma aji ya zama malami, har ya kai ga zama baƙar fata na farko da ya riƙe darektan makarantar sakandare a San Faransisko. A 1965 NFL ta ɗauke shi alƙalin wasa, baƙar fata na farko a wannan aiki, ya yi shekara 25 yana yi, har da wasan ƙarshe na Super Bowl a 1980. Ya rasu a 2009, Matson ya bi shi a 2011.

Wanda ke shugabantar NFL lokacin da aka ɗauki Toler shi ne Pete Rozelle, saurayin da a 1951 yake yi wa Dons aikin hulɗa da ƴan jarida, yana yawo ofis-ofis yana tallata sunan Matson. Shi ɗin ne kuma a 1959, yana manajan Los Angeles Rams, ya ba Chicago Cardinals ƴan wasa tara don su sakar masa Matson shi kaɗai.