Hanyar Mota da Fadama

Fadama wuri ne mai kwari, inda ruwa ya kan kwanta da damina, ya bar laima har cikin rani. A ƙasarmu akwai wata babba tsakanin Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke malala kafin ruwansu ya nufi Tafkin Chadi. A nan mutane su kan noma shinkafa, su kama tarwaɗa da ƙarfasa, Fulani kuma su kawo shanu kiwo da rani. Har tsuntsaye su kan taso daga Turai su yi hunturu a wurin.

To, hanyar mota aba ce mai amfani ƙwarai, gama ita ke kai amfanin gona kasuwa, ta kai marar lafiya asibiti. Amma in za a ratsa fadama da ita, tilas a jibga ƙasa a yi tudu, don kada ruwa ya shanye ta. Wannan tudu kuwa ya zama kamar madatsa ke nan. A gefe guda ruwa ya kan taru ya cinye gonaki. In ya daɗe a kwance, sai ciyawar nan kacalla ta fito ta toshe wurin. A ɗaya gefen kuwa ƙasa ta bushe, rijiyoyi su ja baya. Kifi ma ya rasa ta inda zai bi zuwa wurin da ya saba zuba ƙwai. Ban da wannan, ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasa su kan zama matattarar sauro.

Yaya za a yi ke nan? Da fari, in da hali, a kewaya da hanyar ta kan tudu. In babu hali, a bar wa ruwa mafita, watau a gina gadoji da kwalbatoci masu faɗi, da yawa, a daidai wuraren da ya saba bi. Kafin a fara awo, ya kamata a tambayi masunta da manoma, gama su suka san hanyoyin ruwan. In an gama aiki a cike ramuka, a dasa ciyawa a gefen hanya don ta riƙe ƙasa. A Nijeriya tun shekarar 1992 aka kafa doka, cewa kafin a fara babban aiki irin wannan sai an bincika ɓarnar da zai iya jawowa.

Ku ma, yara, kuna da naku aiki. Kada ku zuba shara a bakin kwalbati. In kun ga ta toshe, ku gaya wa mai unguwa tun ruwa bai sauko ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Waɗanne koguna ne ke malala a fadamar Haɗejiya da Nguru?
2. Me ke faruwa ga ruwa in tudun hanya ya tare shi?
3. Don me ya kamata a tambayi masunta da manoma?