Budurwar Gombe: Tsakanin Asali, Ƙawa da Mai Zuwa Zance

'Yan matan da ke cika ajujuwan Jami'ar Jihar Gombe a yau, kusan dukkansu an haife su ne bayan ranar 1 ga Oktoba 1996, ranar da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke jihar daga Bauchi. Iyayensu sun san Gombe a matsayin garin sarauta da cinikin auduga, inda gidan Bubayero ya kafa fadarsa tun 1919. Su kuwa sun buɗe ido ne a babban birnin jiha, wanda ma'aikata daga Kaltungo da Billiri da Deba da Dukku suka cika, daga baya kuma rikicin Boko Haram ya koro masa dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa. A irin wannan gari, tambayar "ke 'yar ina ce?" ba ta da amsa guda.

Akwai Bafulatanar da aka haifa a Jekadafari, Fulatancinta bai wuce gaisuwa ba, kakarta na yi mata gorin ta zama Kaɗo. Akwai 'yar Tangale ko Tera ko Waja da ta tashi a Tudun Wada, da Hausa take mafarki, da Hausa take faɗa da ƙannenta, amma ba wanda zai kira ta Bahaushiya. Ranar da za ta nemi gurbin karatu, sai a ce ta kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar mahaifinta, garin da wataƙila sai da salla ko Kirsimeti take taka shi. In ta yi aure kuma, a ce ai ta koma 'yar garin miji. Kowa yana da sunan da ya raɗa mata, ita kaɗai ce ba a tambaya.

A ganina, wurin da yarinya ke fara samun amsar da ta gamsar da ita shi ne wajen ƙawa, kuma wannan ne abin da muka fi rainawa. Magabata ba su raina shi ba. Baba ta Karo, wata tsohuwa a ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana ƙawance a matsayin alaƙa mai ƙa'ida: ana ƙulla shi da sanin mutane, ana yi wa juna biki, abin da ƙawa ta kawo miki ranar sunanki ki ninka mata ranar nata. Har da yayar rana da ƙanwar rana, babba ta ɗauki ƙarama tana ja mata gora. Mace na iya yin aure uku ko huɗu a wancan zamani, ƙawarta dai tana nan.

Yau makaranta ce ke ƙulla wannan zumunci. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gombe, da jami'ar jihar da aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ɗanjuma Goje, da ta tarayya a Kashere da ta biyo baya a 2011, sun tara 'yan matan da a da sai dai su gifta juna a kasuwa. Mai hijabi da mai zuwa majami'a suna girki a risho ɗaya, wannan ta tashi waccan sahur, waccan ta ajiye mata cincin ɗin Kirsimeti. Wanda ya tuna yadda rikicin sarautar Mai Tangale ya ɗaga hankali a Billiri a watan Fabrairun 2021, da irin maganganun da suka yi ta yawo a wayoyi a lokacin, zai gane nauyin da ke kan yarinyar da ta ƙi yanke ƙawarta duk da abin da ake faɗa a gida. Ba a kiran irin waɗannan yara taron zaman lafiya, alhali su ne ke yin aikin.

Soyayya kuwa ta sauya wuri. Zancen zaure, da ƙanen yarinya na kai da komo da ruwa, bai mutu ba, amma yawanci kafin saurayi ya yi sallama a ƙofar gida an riga an yi watanni ana hira a WhatsApp. Iyayen waɗannan 'yan mata sun koyi kalaman so daga littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Gidan Dabino, suna karantawa a ɓoye. 'Ya'yansu na karanta sababbin littattafan a waya, suna kallon finafinan Kannywood, suna kuma ganin hotunan bikin da ya fi ƙarfin aljihun duk saurayin da suka sani. Mai niyyar gaske lefe da kuɗin haya sun tsayar da shi. Samarin shaho kuwa ba abin da ya tsayar da su. Ga gwaggo a gefe, duk haɗuwa sai ta ce, "Yaushe za mu sha biki?" Yarinyar da ta gama digiri ba ta da tsayayye, sai ta ji kamar takardar hannunta ba ta da daraja.

A nan ma ƙawa ce ke ɗaukar kaya. Ita ke fara jin labarin saurayi kafin uwa, ita ke binciken da kunya ta hana yarinya yi da kanta, ita ke iya cewa, "Wallahi wannan ba aurenki zai yi ba." Gaskiya ne akwai ƙawar da ke zuga, akwai mai ƙwace saurayi, kuma malamai na da hujja in suka ja kunne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hukuncin da ake yanke wa dukkansu. Ƙawayen amarya su yi anko, su yi kamu, su raka ta ɗaki, a sayi baki, washegari ango ya kafa dokarsa ta farko: "Ba na son tarkacen ƙawaye." Yarinyar da aka ɗauke daga Pantami aka kai sabuwar unguwa a bayan gari, babu dangi kusa, miji ya fita tun safe, an raba ta da mutanen da suka san ta tun kafin ta zama matar wani. In zaman ya yi tsami ba ta da wanda za ta faɗa wa sai iyaye, su kuma amsarsu haƙuri. In auren ya mutu ta dawo gida da goyo, sau da yawa waccan ƙawar da aka hana ta shiga gidan ce ke sa ta a adashi, ta ara mata jarin turaren wuta ko ta raka ta neman aikin koyarwa.