Hattara da Haɗa Jadawalai: A Nan Ake Ɓatar da Mutane

Duk ƙarshen wata, a ma'aikatun unguwar Filato da ofisoshin ƙungiyoyin agaji na Yamai, akwai aikin da ake yi shiru, ba mai ganinsa sai mai yin sa. Matashi ko matashiya na zaune gaban kwamfuta da jadawalai uku ko huɗu: ga na sunayen garuruwa, ga na yawan jama'a, ga na yaran da aka duba a likita, ga na kayan da suka rage a sito. Shugaba yana son takarda guda kafin taron safe. Sai a haɗa su, a fitar da rahoto fes, a sa hannu. Da wannan takarda ake yanke inda motar hatsi za ta nufa da yawan maganin da kowace gunduma za ta samu. Kirana ga masu wannan aiki da shugabanninsu, tun damina ba ta sauka ba, shi ne su yi hattara. A wurin haɗin nan ake ɓatar da mutane, kuma kwamfuta ba ta yin kuwwa idan haka ta faru.

Kwamfuta ba ta san gari ba, ba ta san mutum ba. Abin da ta sani shi ne harafi da lamba. Idan aka ce ta haɗa jadawali biyu, sai ta duba abin da aka ba ta a matsayin mabuɗi, suna ko lamba, ta ɗaure layin nan da layin can idan sun yi daidai kwabo da kwabo. To, mu kuwa garuruwanmu kowa da yadda yake rubuta su. Wani ya rubuta Birni N'Konni, wani Birnin Konni, wani Konni kawai. Tillabéri a wannan takarda, Tillabéry a waccan. Dogondoutchi a haɗe, Dogon Doutchi a rabe. Idan umurnin da aka ba na'urar shi ne ta fito da layukan da suka samu abokin haɗi kaɗai, duk wanda bai samu ba ya faɗi ke nan, ba sanarwa. Gunduma sukutum tana iya fita daga rahoto saboda harafi ɗaya.

Ga kuma sauyin iyakoki. A shekarar 2011 gundumomin Nijar sun tashi daga 36 zuwa 63. Malbaza ta fita daga Ƙonni, Gazawa daga Agye, Bermo daga Dakoro, Dungas daga Magarya. Wanda ya ɗauko tsohon jadawali ya haɗa da sabo ba tare da ya tuna da wannan ba, zai ga kamar jama'ar Magarya sun ragu dare ɗaya, ko kuma ya ƙirga mutanen Dungas sau biyu.

Akwai kuma abu biyu mabambanta da ake mayarwa ɗaya. Tibiri biyu muke da su: ta Gobir a jihar Maraɗi, da ta jihar Doso. Sabon Gari da Tudun Wada kuwa ba su ƙirguwa. A sunayen mutane abin ya fi tsanani. Mahamadou, Mahaman, Mamane da Mohamed na iya zama mutum ɗaya a takardu huɗu, yayin da mutum goma mabambanta ke amsa suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Ranar haihuwa ma ba ta raba gardama, domin ɗimbin iyayenmu takardunsu cewa suka yi an haife su wajen shekara kaza, aka cika musu 1 ga Janairu a kwamfuta. Mai tace jerin masu karɓar tallafi yana ganin suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, sai ya goge guda yana zaton maimaici ne. Wanda aka goge kuwa magidanci ne da iyalinsa.

Ramin da ya fi cin ƙwararru shi ne riɓanya. A ɗauka gida ɗaya ya karɓi buhu biyu na hatsi, layinsa ɗaya a jadawalin rabo. A jadawalin yara kuma gidan na da layi shida, domin yaransa shida. Ana haɗa su, buhu biyun nan za su bayyana a gaban kowane yaro. A tara jimla, gidan ya ci buhu goma sha biyu a takarda. Rahoto ya ce kaya sun wadata, sito ya ce ba haka ba, sai zargi ya faɗa kan mai tsaron sito wanda bai taɓa ko ƙwaya ba. Haka ma'auni ke yi: wannan ya rubuta farashin gero a tiya, wancan a kilo, wannan ya ƙirga kuɗi da dala yadda ake yi a kasuwa, wancan da sefa, alhali dala ɗaya sefa biyar ce. Manhajar da aka saita da Faransanci waƙafi take sa wa a inda ta Ingilishi ke sa ɗigo, kuma rana da wata na iya musayar wuri.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba na 2020, sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona ya faɗi daga rahoton hukumar lafiya. Ana tattara sakamakon ɗakunan gwaji ne a tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, da ya cika sai sauran suka zube. Aka yi kwanaki ba a nemi waɗanda suka yi cuɗanya da su ba, cuta na ta yaɗuwa.

Mu a nan, abin da ke rataye da waɗannan alƙaluma rai ne. Daga Yuni zuwa Satumba rumbuna ke ƙarewa, tamowa ke kama yara, sauro ke yawa. A daminar ne ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma yawan da ake aikawa daga lissafi yake fitowa. A Satumbar 2020, da kogin Kwara ya cika ya shiga unguwannin Kirkisoye da Lamorde da Saga na Yamai, sai da aka rubuta sunayen waɗanda ambaliya ta kora kafin agaji ya kai gare su. Duk wanda sunansa ya faɗi a wurin haɗa irin wannan jeri, ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kayan aiki muna da su. Ma'aikatar kiwon lafiya na tattara bayananta a manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, na nan Yamai, ita ta gudanar da ƙidayar 2012 da ta nuna mun haura miliyan 17. Cibiyar AGRHYMET ma na nan, inda ake nazarin damina da cimaka na yankin Sahel. Abin da ya rage shi ne ladabin aiki a hannun mai haɗawa.

Ya kai mai wannan aiki, ka ƙirga layukanka kafin haɗi, ka sake ƙirgawa bayansa. Idan sun ƙaru ko sun ragu, ka tsaya sai ka san dalili. Ka haɗa da lambar gari ko lambar gida, kada ka dogara da suna. Ka fitar da jerin layukan da ba su samu abokin haɗi ba, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka tara jimlar yara a nasu jadawalin kafin ka kai ta gun na gidaje. Ka adana asalin jadawalan yadda suka zo maka. Kuma ka tuna cewa idan ka haɗa suna da unguwa da ciwon mutum a wuri ɗaya, sirrinsa ne a hannunka. Ƙasar nan na da dokar kare bayanan mutane tun 2017.

Ku kuma shugabanni, ku daina neman rahoton sati a cikin dare ɗaya. Ku tambayi mai kawo takarda: layi nawa suka shiga, nawa suka fito, ina sauran? Ku aika wa majo na likitar ƙauye ko magajin garin da abin ya shafa ya duba nasa layin, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wanda ya gano kuskure ya faɗa, a gode masa, kada a tsangwame shi.

Hannun da kuke sa wa a ƙasan rahoto shaida ce, kuma amana ce da za a tambaye ku. A ƙirga layuka tun hadari bai haɗo ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.